Goya jaka da hawan duwatsun waje: yadda ɗan Sakkwato zai gina ƙafa kafin lokacin wasan ƙanƙara

Jama'a wanga bayani na yaranmu ne da ke karatu ko aiki Turkiyya da Maroko da Rasha da sauran wuraren sanyi, waɗanda sunka ɗanɗana wasan zamiya bisa dusar ƙanƙara, wato siki, abin ya shiga ransu, sannan hutu ya zo sunka dawo Sakkwato inda ko ƙanƙarar sa ma zoɓo sai an yi sa'ar wuta. Kuma kar wani shi ce abin ba namu ba ne, a gasar Olamfik ta hunturu ta 2022 a Beijing Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a tseren siki na dogon zango, kafin shi a 2018 matanmu sun je Koriya ta Kudu da keken ƙanƙara.

Lokacin wasan a Turkiyya da Turai daga Disamba ne zuwa Maris, wani wuri shi ɗan taɓa Afrilu, daga nan sai zaman jira na wata takwas. Mafi yawan mutane jim, wato ɗakin motsa jiki, suke shiga su yi ta keke da ɗaga ƙarfe. Ba laifi. Amma ni abin da na fi yarda da shi shi ne ka goya jaka mai nauyi ka yi ta tahiya, ka ƙarasa da zuwa wani babban dutse a waje, kuma abin da nike so ka riƙe tun yanzu shi ne saukowa daga dutsen ita ce horon, hawan kawai hanya ce ta zuwa inda za ka fara aikin.

Ga dalili. In kana zamiya daga bisa tudu cinyoyinka ba tura ka gaba suke ba, tsaida ka suke, tsokar gaban cinya tana miƙewa kuma a lokaci guda tana riƙe nauyinka, kamar birkin motar da ta yi lodin albasa tana gangara. Keke da gudu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba su koya ma tsoka wanga aiki sosai, shi ya sa za ka ga saurayi mai ƙirji da damtse ya yi zamiya uku ƙafarshi ta fara rawa, kuma gajiyayyar cinya ita ke barin gwiwa ta murɗe, jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke ce ma ACL tana cikin abubuwan da 'yan siki sunka fi tsinkewa. Saukowa daga dutse da kaya a baya kuwa, kowane taku birki ne, sau dubbai a yini guda, bisa ƙasar da ba ta daidaita ba, ga tsakuwa na zamewa ƙarƙashinka idonka na duba inda za ka aza ƙafa ta gaba. Siki ke nan in an cire gudu.

Mataki na farko, asibiti

Kar ka tsallake wanga don Allah. Ka san rukunin jininka tukun. Mai sikila, SS ko SC, babban dutse ba wurinshi ba ne, ƙarancin iska can bisa na iya tada ciwon nan take kuma ba asibiti kusa. Mai AS ma, duk da shina zaman lafiya lau a gida, an san saifa na iya samun matsala in ya yi sama sosai, musamman in ya haɗa da wahala da ƙishirwa, don haka sai shi zauna da likita shi faɗa mishi tsawon dutsen da yake nufi. A auna hawan jini, a saurari zuciya, mai asma shi faɗi gaskiya. In kana da tsohon targaɗe a gwiwa ko idon sawu daga ƙwallo, a duba shi yanzu.

Mataki na biyu, bazara cikin ɗaki

Afrilu da Mayu a Sakkwato zafi na wuce digiri 40, ba lokacin da mai hankali zai goya kilo goma shi bi titi ba ne. Wanga lokaci na gina tsoka ne, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, kwana uku a mako ya isa. Nemi benci ko dakali mai tsawon kusan gwiwa ko ƙasa da haka, ka hau, ka riƙa saukowa da ƙafa guda a hankali kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu kafin diddigen ɗayar ya taɓa ƙasa, sau goma kowace ƙafa, ka huta ka sake har zagaye uku. Wanga shi ne uban duk sauran, kuma ka lura gwiwarka ta bi saitin yatsun ƙafa, kar ta faɗa ciki. Sai tsuguno da tashi, sai dogon taku gaba kana durƙusawa, sai ka jingina baya ga bango kamar kana zaune bisa kujerar da babu, ka fara da daƙiƙa 30 kana ƙarawa har ka kai minti biyu. Bayan cinya ma na son nashi, ka kwanta rigingine ka kafa diddige ka ɗaga ƙugu sama, daga baya da ƙafa guda. Tsallen kwaɗo irin na horon firamare dai ka bar shi, gwiwa kawai yake ci.

In azumi ya faɗo cikin wanga lokaci ka rage, ka maida shi bayan tarawi, ba tsere ake ba.

Mataki na uku, damina da jaka

Da ruwa ya sauka gari ya yi sanyi sai a fito da jaka. Ka fara da kashi 10 cikin 100 na nauyinka, mai kilo 70 shi ɗauki kilo 7, kana ƙara kamar kilo guda bayan mako ɗaya ko biyu har ka kai wajen kashi 20, wato kilo 14, ba sai ka wuce nan ba. Ruwa ya fi komi sauƙin aunawa tunda lita guda kilo guda ce, ka cika robobi ka naɗe su da tsohon bargo, masu nauyin su manne da bayanka a tsakiya, kar su taru can gindin jaka suna jan ka baya. Jakar ta zama mai ɗamarar ƙugu mai kauri, don ƙugu ne ke ɗaukar mafi yawan kayan, kafaɗa riƙo kawai take.

Matsalarmu ita ce Sakkwato shimfiɗe take, ba ta fi mita 300 bisa teku ba, tudun kirki babu. Sai dabara. Bene shi ne dutsenka: hawa guda kusan mita 3 ne, gini mai hawa uku kusan mita 10 ke nan, in ka hau ka sauka sau 30 ka yi mita 300 sama da mita 300 ƙasa. Akwai gundura ƙwarai amma shina aiki. Matakalan filin wasa na Giginya ma sun yi in ka nemi izinin masu kula da wurin. Rana guda a mako kuma ka yi doguwar tahiya, ka fara da awa ɗaya da rabi har ka kai awa biyar ko shida, ka nemi inda rairayi yake ko hanyar gona mai kwazazzabai wajen Dundaye ko Wamakko, don idon sawu shi koyi ƙasa marar daidai. Ku tahi ku biyu ko uku, da rana, inda anka san ku, ka riƙe katin shaida tunda mutum da ƙatuwar jaka a bayan gari a wanga zamani dole a tambaye shi, kuma in an tambaya ka buɗe jakar da fara'a. Dajin gabashin jiha da duwatsun Zamfara irin su Kwatarkwashi, duk kyawunsu, ba yanzu ba.

Kwana ɗaya zuwa uku bayan saukowar farko mai yawa cinya za ta yi tsami har sujada ta yi wuya. Haka abin yake, kuma daɗin shi ne in ka sake bayan mako guda tsamin ba ya kai na farko, tsoka ta riga ta koya. Amma ciwo mai suka cikin gwiwa ko kumburi daban ne, wannan a tsaya.

Mataki na huɗu, kaya

Takalmi ne kaɗai zan ce kar ka yi ma rowa. Mai rufe idon sawu, mai tauri a ƙasa da manyan haƙora, kuma shi fi ƙafarka da kamar faɗin babban yatsa, don wurin saukowa ƙafa gaba take zamewa, in ya matse farcen babban yatsa zai yi baƙi shi fita. Ka gwada shi da yamma da safa mai kauri, kuma duk tahiyar damina da shi za ka yi ta, sabon takalmi ba ya zuwa dutse. Sauran kaya 'yan gwanjo sun wadatar, rigunan sanyi na Turai da ba mai saye a nan sai lokacin ɗari, arha suke cikin damina. Tsarin sutura hawa uku ne: ta ciki mai tsane zufa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga a jikin fata ba ta yi, in ta jiƙe da zufa haka za ta zauna tana sanyaya ka. Ka tuna duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska. Sai safar hannu, hular sanyi, tocilan ta goshi, tabarau mai duhu na gaske, man kare fata daga rana (e, har mu baƙaƙe, leɓe da hanci na sulluɓewa), da sanduna biyu na tahiya.

Mataki na biyar, wane dutse

Ni Tubkal nike ba kowa shawara da farko. Shina Maroko cikin duwatsun Atlas, tsawonshi mita 4,167, ba wanda ya kai shi a Arewacin Afirka, kuma daga Yuni zuwa Satumba ba ya buƙatar igiya ko ƙwarewa, ƙafa da haƙuri kawai. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas zuwa Kasabulanka, daga can jirgin ƙasa kusan awa uku zuwa Marakesh, sai mota awa ɗaya da rabi ko biyu zuwa ƙauyen Imlil da ke wajen mita 1,740. Ƙasar musulmi ce, abinci halal, masallaci ko'ina, in kana da ɗan larabcin islamiyya ko faransancin maƙwabtanmu na Ƙonni za ka lallaɓa, ko da yake mutanen dutsen Amazik ne da nasu harshe.

Tun bayan kisan da anka yi ma wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disambar 2018 ba a hawa sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma akwai wuraren duba fasfo a hanya, don haka fasfonka na aljihu. Hanyar da kowa ke bi ita ce daga Imlil a wuce Sidi Shamharush, wani farin dutse da mutanen wurin ke cewa na sarkin aljanu ne, kai dai sha lemunka ka wuce, a isa masaukin hawa da ke wajen mita 3,200 cikin awa biyar zuwa shida, a kwana, a tashi kafin asuba a kai ƙololuwa, sannan a gangaro har Imlil a ranar. Lissafa ka gani, saukowar mita 2,400 da ɗoriya ke nan a yini guda. Ba benen da zai ba ka wanga.

Amma kwana biyun nan sun yi gaggawa ga wanda ya fito daga mita 300, kuma horo kaɗan ne ga kuɗin jirgin da ka kashe. Ka ce ma jagoranka kana son zagaye na kwana biyar ko shida, ta kwarin Azzaden, inda kullum za ku hau mashigar dutse ku sauka wani kwari, jiki na sabawa da iska a hankali, cinya na samun birkinta kowace rana, Tubkal shi zo daga ƙarshe. Za su kawo alfadari don kaya. Ka bar mishi abinci da tanti, amma jakarka ta kilo 10 zuwa 12 ka goya abinka, in ba haka ba mi ya kai ka. Daga nan kuma Ukaimedan ba nisa, wurin wasan siki na Maroko, kana iya leƙawa ka ga gangaren ba ƙanƙara, ko da yake dusar can ba ta da tabbas, wata shekara ta zo wata shekara shiru.

Wanda ke Turkiyya ba sai ya je ko'ina ba. Duwatsun Kachkar a arewa maso gabas wajen Rize da Artvin, mafi tsawonsu mita 3,937, daga Yuli zuwa farkon Satumba, wurin goya jaka ne na kwana da kwanaki, sai dai hazo da ruwan sama ta ɓangaren teku. Ɗaliban Kayseri ga Erjiyes a bayan gida, na Bursa ga Uluda, na Erzurum ga Palandoken, duka wuraren siki ne da hunturu, in dusar ta narke kuwa kana iya taka gangaren da ƙafa. Ƙololuwar Erjiyes dai duwatsu na gangarowa, sai da ƙungiyar mahawa da hular kwano.

Kilimanjaro fa? Kowa shi yake ambata, mita 5,895, ga hoto mai kyau. A matsayin horo ni ban sa shi gaba ba: kuɗin shiga gandun da dala ake biya kuma da tsada, dole da kamfani da 'yan dako, su ke ɗaukar kaya kai kana tafe da 'yar jaka, kuma ƙarfinka duka wurin faɗa da ƙarancin iska yake ƙarewa. Bar shi sai ka ga yadda jikinka ya yi a mita 4,000. Dutsen Kamaru da ke Buea ya ɗan haura mita 4,000 kuma gangarenshi ba wasa, amma yankin na cikin rikici tun wajen 2017, sai an bincika sosai. In biza ta ƙi ko aljihu ya ƙi, duwatsun Shere na Jos sun fi zaman banza nesa ba kusa ba.

Takardu a taƙaice: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza tun da wuri, katin rigakafin shawara, da inshorar tahiya wadda ka karanta da idonka cewa ta haɗa da hawan dutse har tsawon da za ka, da yawansu suna da iyaka.

Mataki na shida, hawa

A hankali. In ba ka iya magana kana tahiya to ka yi sauri da yawa. Daga mita 2,500 ciwon tsauni ke fara kama mutane, a mita 4,000 kuwa iskar da kowane numfashi ke kawo maka kusan kashi 60 ce cikin 100 na wadda ka saba, kuma ƙarfi ba ya hana shi, sau da yawa ma samari masu ji da kansu ya fi kamawa don su ke rugawa. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce in ka wuce mita 3,000 kar wurin kwananka shi riƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a dare, kuma a huta bayan kwana uku ko huɗu. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci, in sun zo kar ka ƙara sama sai sun tahi. In mutum ya fara tangaɗi, ko maganarshi ta rikice, ko shina haki alhali zaune yake, ko tari mai kumfa, a sauko da shi a lokacin, ko tsakar dare ne. Akwai maganin Diamox da ke taimaka ma sabo, likita ke rubuta shi. Wani abu da ya shafe mu musamman: zazzaɓi da ciwon kai bisa dutse na iya zama maleriya da ka taho da ita daga gida, kuma can ba lalle su yi tunaninta ba, ka yi gwaji kafin ka tashi, in ka kwanta ciwo ka faɗa musu daga inda ka fito.

Ka sha ruwa har fitsari shi yi haske, ka ci ko ba ka so. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da zuma sun yi daidai, kilishi dai ƙasashe da yawa ba su bari a shiga da nama, kar a ƙwace maka a filin jirgi. Salla kuwa matafiyi ne kai, akwai ƙasaru, akwai taimama in ruwa ya yi wuya ko sanyi zai cutar, ka zauna da malaminka kafin tahiya shi warware maka hukuncin haɗa salloli.

Mataki na bakwai, saukowa

To ga inda kuɗinka yake. Kafin ka fara gangara ka tsaya ka sake ɗaure takalmi tamau wajen idon sawu, ka matse ɗamarar jaka, ka ƙara ma sanduna tsawo kaɗan. Gwiwa a ɗan lanƙwashe kullum, kar ka dira bisa miƙaƙƙiyar ƙafa. Taku gajeru. Tsoro zai ce maka ka kwanta baya wajen dutsen, kuma nan ne ake zamewa a faɗi da ɗuwawu, kai dai ƙirjinka shi kasance bisa gwiwa, gwiwa bisa yatsu, hannuwa a gaba inda kake ganinsu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban malamin siki ya san wagga magana, ita ce dai suke ta maimaitawa, kar ka zauna baya. Inda gangaren ya yi tsanani kar ka miƙe, ka riƙa karkacewa dama da hagu, kuma a kowace kwana ka lura da yadda nauyinka ke komawa bisa ƙafar da ke ta ƙasa, kafaɗu na kallon kwari ƙafafu na juyawa ƙarƙashinka. Idonka taku uku ko huɗu gaba, ba bisa takalmi ba.

Tubkal na da dogon wuri mai sakakkiyar tsakuwa ƙasa da ƙololuwa, mutane na tsine mishi, ni kuwa nan nike cewa a natsu a koya, ƙasa na tahiya da kai kana daidaita kanka ba tare da ka sandare ba. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, in dutse ya kuɓuce ka yi ihu. Sanduna ka yi amfani da su inda ke da haɗari ko in ka gaji, inda hanya ke da kyau ka riƙe su a hannu guda ka bar cinya ta yi aikinta. Duk minti 45 zuwa awa guda ka tsaya ka ci wani abu, don yawancin faɗuwa can ƙarshen yini take zuwa lokacin da gari ya bayyana hankali ya koma ga shayi. Kuma kar ka yi gudu da kaya a baya, ko ka ga yaran ƙauyen na yi da silifas.

Hawan dusar ƙanƙara da ƙarafa masu haƙora a takalmi da gatarin ƙanƙara, irin na Tubkal daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, wani karatu ne daban, sai ka yi kwas wurin masu koyarwa an nuna maka yadda ake tsaida kai in an zame.

Mataki na takwas, daga dawowa zuwa Disamba

Lokacin da ya fi dacewa da tahiyar shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ka dawo ka huta mako guda. Sabon da jininka ya yi da ƙarancin iska ba ya jimawa, cikin 'yan makonni ya tahi, kar ka yi zaton zai jira ka har hunturu. Ƙarfin cinya da daidaiton ƙafa su ke zama, su ma in kana taɓa su. Don haka Oktoba da Nuwamba ka ci gaba da bene da jaka sau ɗaya ko biyu a mako, ka ƙara abin da dutse bai ba ka ba, wato sauri: ka ja layi a ƙasa ka riƙa tsallaka shi gefe da gefe da ƙafa biyu na daƙiƙa 30, sannan daga ƙafa guda zuwa ɗayar kana tsayawa cak a kowace dira, sai dirowa daga ƙaramin dakali ba tare da an ji ƙarar dirarka ba. Tsayuwa da ƙafa guda ido rufe lokacin da kake goge baki ma na taimakawa. In ƙurar hunturu ta fara sauka ka koma cikin ɗaki ko ka sa takunkumi.

Wanda hanyarshi ta bi ta Alƙahira ko Dubai, duka biyun suna da wurin siki na cikin gini a manyan kantuna, awa biyu can kafin lokaci na tuna ma ƙafa yadda katakon zamiya yake. Ranar farko bisa dusar gaske kuma ka ɗauki malami ko na rabin yini ne, ka sa hular kwano, ka ba masu haya nauyinka da tsawonka na gaskiya don su saita maƙallin takalmi shi sake ka in ka faɗi, ka fara daga gangare mai alamar kore ko shuɗi, wato masu sauƙi, ko da cinyarka na ce maka za ta iya mai alamar ja da ya fi su wuya.